Sanduna Uku a Unguwar Sama

Sanda ɗaya Gye-saeng ta gitta a ƙofar gidanta da safiyar ranar. Ta zura bakinta a hudar dutsen dama, ta tura ɗaya bakin a hudar dutsen hagu, sannan ta karkaɗe hannuwanta a jikin wando.

"Inna, ki sa biyu mana," in ji 'yarta Jong-im daga cikin mota. "Sai yamma fa za mu dawo."

"Ɗaya ta isa. Ba zama zan je yi ba."

A duk ƙauyenmu na bakin teku, gidan Bu Gye-saeng kaɗai ya rage da irin wannan ƙofa. Sauranmu mun koma ƙofar ƙarfe, kullum muna cikin neman makulli. Ita kuwa duwatsu biyu ne a tsaye, kowanne da huda uku, sai sanduna uku. In ka ga ɗaya a gicciye, mai gida na nan kusa, yanzu za ta dawo. Biyu, sai yamma. Uku, an yi nisa, babu kowa, kama gabanka. In duka suna kwance a ƙasa, shigo, akwai mutane. Sandunan ba za su tare ɗan maraƙi mai niyya ba, amma ban taɓa jin ɗan tsibirin Jeju da ya tsallake su ba. Yaro yana iya karanta ƙofa tun kafin ya iya karanta sunansa.

Gye-saeng ta haura tamanin, kuma har yanzu babu mai saƙa kwandon gora kamarta. Siririyar gorar da take aiki da ita ba ta fitowa a bakin teku, sai can gindin tsauni, a kangon da muke kira Unguwar Sama. A nan aka haife ta. Tana da shekara bakwai sojoji suka ƙone garin, a hunturun nan da tsofaffinmu ba sa son a ambata, aka koro waɗanda suka tsira zuwa bakin ruwa. Ta sauko tare da uwarta, ba tare da yayanta ba. Iyakar abin da 'yarta ta sani ke nan. Fiye da shekara saba'in tana aiken mutane su saro mata gora, tana kushe abin da suka kawo, amma ko sau ɗaya ba ta taka wurin ba.

Jong-im ce ta matsa mata. Tun da ta baro birni ta dawo gida, ta shiga ƙungiyar ƙauye mai son buɗe hanyar ƙafa domin baƙi su ga tsohuwar katangar dawaki, da ramukan gawayi na dutse, da kangon garin. Suna son su rubuta gidan wane ne a ina. Wata uku tana binta da magana ɗaya: "Ke kaɗai kika rage, Inna. In kika tafi da shi, shi ke nan." Tsohuwa ta yi kunnen uwar shegu da ita har ta gaji, sai rannan, tana tsaga gora, ta ce a shirya mota.

A bayan mota Jwa Tae-bong ne zaune, maginin dutse, wanda ƙungiya ta ɗauka ya gyara inda katanga ta zube. Mutum ne mai baki kamar rediyo. Ya zaro usur guda biyu masu igiya daga aljihu, domin a watan da ake tsinkar tohon daji babu mai shiga kurmi ba tare da usur ba. Ya ba Jong-im ɗaya, ya miƙa wa tsohuwa ɗaya.

"Samchun, ga naki." Haka muke kiran duk wanda ya girme mu, namiji ko mace.

"Rataya wa karenka."

"In kika ɓata fa?"

"A garin da aka haife ni zan ɓata? Kai da ka ɓata tsakanin mashaya da gidanka, har matarka ta ɗauko ka a baro?"

Tae-bong ya fashe da dariya, ya mayar da usur aljihu. Ba wanda ya yi mamaki. Kowa ya san tsohuwar ba ta shiri da abin da ke ƙara. Butar shayi mai fito da aka taɓa saya mata, ranar farko ta ɓalle bakin ta jefar. Jong-im ta yi makaranta ta gama, uwarta ba ta taɓa zuwa kallon wasan tseren 'yan makaranta ba. An ɗauka baƙin hali ne kawai, ita ma ba ta taɓa musawa ba. Jar rigar ruwa da 'yarta ta kawo mata ma ta ture ta, ta ce ita ba tuta ba ce. Ta tafi da kayanta na aiki masu launin ƙasa, da kwando a baya, da 'yar wuƙarta ta gora.

Suka bar mota inda kwalta ta ƙare, suka shiga kurmi. Wanda bai san wannan kurmin ba yakan ɗauka ƙasa yake takawa. Duwatsu ne baƙaƙe jibge kan juna, saiwoyi sun rungume su, gansakuka ta lulluɓe, a tsakaninsu kuwa ramuka ne da ba a san zurfinsu ba. Gye-saeng ce a gaba. Ba ta magana, ba ta waiwaye, ƙafarta kuma ba ta kuskure.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya suka isa katangar dawaki. An gina ta tun zamanin sarakuna, don kada dawakin kiwo su faɗa gonaki, ta miƙe cikin itatuwa har ido ya gaza. Nan bakin Tae-bong ya buɗe.

"Kin gani? Babu laka, babu siminti. Dubi ƙofofin nan da suka bar wa iska. Katangar da ta toshe wa iska hanya ba ta shekara. Riƙe nan ki ji." Ya dafa dutse ɗaya ya girgiza, sai katangar ta motsa can gaba, ta koma ta zauna. "Haka ake gane aikin gwani. Yaran yanzu kuwa, sai su liƙa siminti a ciki su ce sun gina."

Jong-im tana ɗaukar hoto tana rubutawa. Ta ji uwarta ta ce, "Ga gora can," ta amsa da "To, Inna, muna zuwa," ba ta ko ɗaga kai ba. Wannan rashin ɗaga kan ne ta yi ta tunawa daga baya.

Hazo ya sauko daga tsauni. Irin hazon nan ne na bazara, fari, mai jiƙa gashi, wanda ba ya sallama. Da ta rufe littafinta ta juyo, katangar da ta ga ƙarshenta ɗazu ta koma taku biyar.

"Inna?"

Shiru.

"Inna! Tsaya mu zo!"

Jong-im ta duba agogo. Ba a yi minti goma ba, tsohuwa ba za ta yi nisa ba. Ta sa usur a baki ta busa da iyakar ƙarfinta, sau uku. Sai ta ji kamar motsi can dama, kamar wani ya ruga cikin ganye, dutse ya gangara. Ta sake busawa. Ba ta ƙara jin komai ba.

"Barewa ce," in ji Tae-bong. Amma dariyar ta bar fuskarsa.

Suka bi wajen da motsin ya fito, suna kira suna busa. Taku ɗari suka tarar da kwandon Gye-saeng a kife, a bakin busasshen rafi. Rafin nan kwazazzabo ne mai zurfin tsayin mutum huɗu, cike da duwatsu, yana yin shekara babu ruwa, amma in aka yi ruwa a tsauni cikin awa ɗaya yake cika ya tafi da shanu. Jong-im ta leƙa, ba ta ga komai ba sai fari. Ta durƙusa a gefen kwandon.

"Inna ba ta yar da kwando," ta ce. "Samchun, ba ta taɓa yar da kwando ba."

"Tashi. Kuka ba zai fito da ita ba." Tae-bong ya duba wayarsa, babu sabis. "Zan koma wajen mota in kira mutane. Ke ki tsaya nan, kada ki gusa. Kin ji ni? Kada in dawo in tarar da ɓatattu biyu."

Ta ce to. Yana ɓacewa ta tashi.

Ta bi gefen rafi tana kira har muryarta ta dushe. Ƙaya ta kama mata wando, ta fizge. Ƙafarta ta zurma tsakanin duwatsu har gwiwa, ta ji iska mai sanyi tana hurowa daga ƙasa a kan fatarta, ta tuna a irin ramukan nan akan tsinci takalmin mutum bayan shekaru. Ta zaro ƙafar, tana jini, ba ta ji zafi ba. Can wani abu ya yi haushi a kusa, ta tsaya cak kafin ta gane barewa ce da gaske. Jakar da ke bayanta ta fi komai nauyi, domin a ciki akwai dafaffen dankali da maganin sukari na uwarta. Tun asuba tsohuwar ba ta ci komai ba sai rabin kwanon shinkafa.

Tsoro iri biyu ne ya kama ta. Akwai na kada uwarta ta mutu. Akwai kuma wanda ya fi shi muni, na cewa ita ce ta kawo ta, saboda ɗan littafin da baƙi za su karanta su yar a mota.

Sai gora ta bayyana a gabanta, siririya, a cunkushe, tana ɗigar ruwa. Inda duk ka ga gora haka a kurmi, da can bayan gidan wani ne. Ta shiga Unguwar Sama ba tare da ta sani ba. Ga lunguna tsakanin katangu, ga wani dutsen niƙa a kwance, itace ya fito ta tsakiyarsa. Babu rufi ko ɗaya. Ta bi lungu tana leƙa kowane kango tana kira, har wani lungu mai lanƙwasa ya kai ta ga duwatsu biyu a tsaye, da sanduna uku a gicciye.

Ta tsaya. "Inna!" ta kira daga waje. Babu amsa. Ta tuna Tae-bong ya ce zai sa wa ɗaya daga tsofaffin ƙofofin sanduna don baƙi su gani, ta ce ashe har ya sa. Ta busa usur a nan bakin ƙofar, ta saurara, ta juya. Ba ta yi shawara da kanta ba. Ido ya ga uku, ƙafa ta wuce.

Ƙarfe biyu ya gota Tae-bong ya dawo da maza takwas, duk wanda aka samu a gonar lemo ko a bakin jirgin ruwa. Ya tarar da Jong-im tana zagaye wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure, ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga fuskarta ya fasa. Suka rarrabu biyu-biyu. Kurmi ya cika da ƙarar usur da muryoyin maza, wannan ya busa can, wancan ya amsa nan. Biyu suka ɗaura igiya suka sauka cikin rafi. Jong-im ta sake ratsa kangon, ta sake wucewa ta gaban sandunan, ta tafi duba ramukan gawayi, ta leƙa kowanne da fitilar waya, tana roƙon kada ta ga abin da take nema.

Sai aka fara yayyafi.

Kowa ya dubi sama wajen tsauni. Na cikin rafi suka hauro da sauri, hannu wofi. Wajen ƙarfe huɗu suka taru a gindin dutsen niƙa, a jiƙe, suna kauce wa idon Jong-im. Ɗaya ya ce gara a kira masu aikin ceto daga gari kafin haske ya ƙare. Wani ya ce tsohuwa mai ciwon sukari, cikin wannan sanyi, sai ya yi shiru bai ƙarasa ba.

"Babu inda ban duba ba," in ji Jong-im. Haƙoranta suna haɗuwa. "Ramukan gawayi, bayan gora, kowane kango. Har gidan nan da ka sa wa sanduna, sau biyu ina zuwa ƙofarsa."

Tae-bong ya juyo. "Wane gida?"

"Na ƙarshen lungu. Mai sanduna uku."

"Ni ban sa sanda a ko'ina ba. Itacen ma bai iso ba."

Sai wani mai jirgi, ƙato da shi, ya ce a hankali, "Ni ma na bi ta nan. Na ga uku, na wuce."

"Ni ma," in ji wani.

Mutum shida cikin goma sun tsaya a bakin ƙofar nan suna neman mace ɗaya, kuma babu wanda ya shiga. Ka ba baƙo daga birni wannan aikin, da tuni ya tsallake ya leƙa. Mu kuwa an yi mana tarbiyya.

Jong-im ta riga su gudu. Da ta isa ta duba da kyau, ta ga abin da ya kamata ta gani tun farko. Sandunan ba tsohon itace ba ne, ɗanyar gora ce, kore shar. An sare kowacce a karkace da sara ɗaya, an kankare gaɓoɓin. Shekara hamsin tana ganin wannan saran a tsakar gidansu. Duk da haka, da ta ɗaga ƙafa za ta tsallake, ƙafar ta tsaya. Sai ta zare ta sama, ta zare ta tsakiya, ta ɗaga ta ƙasa ta shiga.

Filin gidan ya cika da ciyawa. Ga tushen ɗaki, ga duwatsun murhu uku baƙaƙe. Babu kowa. A kusurwar baya akwai wani ɗan zagayen dutse, inda a da ake kiwon alade, da wani ɗan ɗaki a jikinsa mai rufin faffaɗan dutse, wanda yaro ma sai ya rarrafa zai shiga. Ta durƙusa ta leƙa. Ta ga tafin takalmin roba.

"Inna..."

Hannu ya fito daga duhu ya cafke wuyan hannunta, ya ja ta ciki da ƙarfin da ba ta san tsohuwar tana da shi ba. Ɗaya hannun, mai sanyi kamar kifi, ya toshe mata baki. Gye-saeng tana duƙe, gwiwa a ƙirji, jikinta na ɓari. Idanunta a buɗe suke tar.

"Kin mayar da sandunan?" ta raɗa.

Kafin Jong-im ta yi wani motsi, wani daga cikin mazan ya busa usur a bakin lungu, yana kiran sauran. Tsohuwar ta zabura, kanta ya bugi dutse, faratanta suka shiga naman 'yarta. Ta runtse ido, ta ƙanƙame jiki, ba ta numfashi sai da ƙarar ta mutu.

Nan Jong-im ta gane. Ta tuna butar shayi, ta tuna wasan tsere. Ta tuna motsin da ta ji cikin ganye bayan busarta ta farko, wanda aka ce barewa ce. Usur ɗin yana nan rataye a wuyanta, yana taɓa hannun uwarta. Awa biyar suna farautar matar da suka zo ceto.

Ta cire hannun daga bakinta a hankali, ta riƙe shi. Ba ta yi ihu ba. Ta leƙo da kanta waje, ta yi magana da muryar da ake kiran mutum cin abinci.

"Samchun Tae-bong, tana nan. Ku daina busa. Kowa ya daina, kada a ɗaga murya."

Ta ji Tae-bong yana faɗa wa na kusa da shi, na kusa yana faɗa wa na gaba. Kurmi ya yi shiru, sai ɗigar ruwa daga gora.

Ta ɓare dankali, ta gutsura, ta sa wa uwarta a baki. Tsohuwar ta tauna da ƙyar. Ta ci na biyu. Jong-im ta cire jar rigarta ta ruwa ta lulluɓa mata, wannan karon ba a ture ba.

"Inna, ni ce. Jong-im."

"Na san ke ce. Kin ɗauka na haukace?"

"Su Tae-bong ne a waje. Nemanki suke."

"Na sani. Na ji muryar shashashan tun ɗazu." Ta haɗiye. "Kaina ya sani. Ƙafafuna ne ba su sani ba. Ina jin abin nan, sai na ga na iso nan, har na sari gora."

Jong-im ba ta tambaye ta komai ba. Wata uku tana tambaya, yanzu kuwa tsoron amsar take ji.

"Haka suka zo," in ji Gye-saeng. "Da safe, da usur, wannan ya busa wancan ya amsa. Innata ta sa uku daga ciki, ta turo mu nan, ni da ita da yayana Du-man. Alade na nan, bai ko yi gurnani ba. Suka zo ƙofa, muka ji ɗaya ya ce babu kowa, sun gudu. 'Yan nan ne suka nuna musu hanya, sun iya karanta ƙofa. Suka wuce. Sau biyu suna wucewa."

Ta dubi hasken da ke shigowa ta bakin ɗakin.

"Sai iska ta taso. Sandar sama ta gidanmu gajeriya ce, kullum Baba yana cewa zai sake ta. Muka ji ta faɗi. Du-man ya ce in suka ga biyu za su zauna jiranmu. Shekararsa goma sha biyu. Ya ce, bari in je ƙofa in dawo."

Jong-im ta kifa goshinta a kafaɗar uwarta ta yi kuka, irin kukan da ba ya fita da sauti, tsohuwar tana bubbuga bayanta kamar ita ce aka tsinto.

"Ya isa haka. Ke da kika zo rubutu. Ga gidan Bu, ki rubuta. Tashi ki ja ni, gwiwata ta sage."

Da ƙyar ta fito da ita. Ruwa ya tsagaita, hazo ya ɗan ja baya har ana ganin bakin lungu. Mazan tara suna tsaye a waje, a jere, babu wanda ya shigo, ko da yake sandunan suna kwance. Mai jirgin ya juya baya ya durƙusa don ya goya ta. Ta harare shi.

"Ka goyi matarka. Matsa."

Ta taka da kanta, tana dafe da 'yarta, har ta fita tsakanin duwatsun biyu. A nan ta tsaya. Ta shafa dutsen dama, ta zura yatsa a hudar sama ta ƙwaƙulo gansakuka. Tae-bong ya matso, ya cire hula. Duk surutunsa, sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Samchun, in kin ce a bar wurin nan, za a bar shi. Hanya ta bi ta wani gefe."

"Wa ya ce ka bar shi? Katangar baya ta zube, ka gyara. Kuma kada in ga siminti."

"To. Sandunan fa? Uku zan sa, ko a bar su a ƙasa?"

Gye-saeng ta dubi gorar da ke ƙasa. Ta sunkuya, Jong-im ta kai hannu za ta taimaka, ta buge hannun. Ta zaɓi mafi tsawo cikin gorar uku, ta gwada ta, ta zura bakinta a dama, ta tura ɗaya bakin a hagu har ya shige sosai. Ta girgiza ta, ba ta motsa ba. Sauran biyun ta jingine su a jikin katanga.

"Inna," in ji Jong-im a hankali, "ɗaya?"

"Ɗaya. Ƙofa kawai ya je."

Ta karkaɗe hannuwanta a jikin wando, ta tambayi inda aka kai mata kwando. Suka kama lungu a jere, ita a gaba cikin jar riga. Tae-bong ne na ƙarshe. Ya cire usur daga wuyansa, ya dunƙule shi a tafin hannu don kada ɗan ƙwallon cikinsa ya yi ƙara, bai buɗe hannun ba har suka isa mota.